TSIBIRAN TEKU: INA YA DACE MUTUMIN MASAKA YA KAI IYALINSA HUTU?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da sassafe ya san Masaka. Tun kafin gari ya waye mutane suke tsayawa a bakin titi suna jiran mota, su bi ta Ado da Mararraba da Nyanya, su shiga birni wajen aiki, ba su komo ba sai bayan magariba. A takarda garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma cinsa da shansa a Birnin Tarayya suke, domin yawancin mazaunansa ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja.

A cikinsu akwai dattawan da suka yi ƙuruciyarsu a Ikko, suka zauna Obalende ko Agege ko Idi-Araba, sa'an nan suka biyo ofisoshinsu sa'ad da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba 1991. Waɗannan sun san teku. Sun sha zuwa Bar Beach ran Lahadi da yamma. Amma 'ya'yansu da aka haifa a Masaka ba su san wani babban ruwa ba sai tafkin Jabi, kuma shi kansa Bar Beach ɗin yanzu babu shi, an cike wurin da yashi an kafa ginin Eko Atlantic a kansa.

Saboda haka idan irin wannan magidanci ya kwashi adashinsa, ko ya karɓi kuɗin sallama, ya ƙudurta zai nuna wa iyalinsa teku ko sau ɗaya kafin yara su watse, wanda yake fara tuntuɓa shi ne ɗan'uwansa da ke zaune a Kudu. A ganinsa wanda ya kwana kusa da ruwa shi ya san ruwa. To, mai karatu da ke Ikko ko Fatakwal ko Kalaba, idan wannan tambaya ta same shi, me zai ce? Tsibirai suna da yawa, kuɗin kuwa sau ɗaya za a kashe su. Wanda ya yi zaɓen tumun dare yana iya ƙarewa a filin jirgin wata ƙasa an hana shi shiga, ko ya kwana bakwai a ɗakin otal ruwan sama na zuba, ko ya kai matarsa inda ba za ta iya ɗaga ido ba.

ABUBUWA HUƊU

Kafin a kai ga sunan kowane tsibiri akwai abubuwa huɗu da za a auna. Na farko izinin shiga. Na biyu lokacin damina da rani na can, domin ba lalle ya zo daidai da na gida ba. Na uku abinci da wurin salla da irin shigar da ake yi a bakin ruwa. Na huɗu hanya, watau jirgi nawa za a sauya, da irin jirgin ruwan da za a shiga a ƙarshen tafiya. Kuɗi kuwa yana cikin kowane ɗayansu, musamman tun daga watan Yuni 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta yi tashin gwauron zabo.

Game da izinin shiga, ɗan Nijeriya yana da wata gata da ba kowa ya san darajarta ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko ran 28 ga watan Mayu 1975, kuma yarjejeniyar da ta yi a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da fasfo da katin allurar shawara. Rukunin tsibirai uku suna ƙarƙashin wannan inuwa, watau na Los a ƙasar Gini, da na Bijagos a Gini Bisau, da kuma Cape Verde.

TSIBIRAN LOS

Waɗannan su ne mafi sauƙin sha'ani. Suna daura da birnin Konakiri, har mutum yana hango su daga gaɓa. Manyansu uku ne: Kassa da Tamara da Roume. Daga tashar masunta ta Boulbinet ake shiga kwale-kwale mai inji a ƙetara. Akwai farin yashi da itatuwan kwakwa, ga ɗanyen kifi da ake gasawa nan take a bakin ruwa. Mafi yawan mutanen Gini Musulmi ne, don haka ba a fargabar yanka, ba a kuma neman masallaci a rasa. A Konakiri akwai babban masallacin Sarki Faisal da aka buɗe a 1982, wanda yake cikin manyan masallatan Afirka ta Yamma.

Akwai wani labari da ya haɗa tsibiran nan da ƙasar Hausa. A dā a hannun Ingila suke. Ran 8 ga watan Afrilu 1904 Ingila da Faransa suka yi sulhu a kan rigingimunsu na mulkin mallaka, aka ba Faransa tsibiran Los. A cikin wannan sulhu ne kuma aka gyara iyakar da ke arewa da Sakkwato, domin Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Ashe cinikin da ya sauya wa masuntan Kassa tuta shi ne ya taɓa iyakar da ta raba Hausawa gida biyu.

Abin kiyayewa a nan shi ne damina. Konakiri tana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka ta Yamma, kusan mita 4 a shekara, kuma mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta yake sauka, daidai lokacin dogon hutun makaranta. Wanda ya tafi a lokacin ya yi asarar kuɗinsa. Daga Disamba zuwa Afrilu ne lokacin zuwa. Sai kuma harshe: Faransanci da Susu ake ji, Ingilishi ba ya kai mutum nesa, ko da yake mai jin Fulatanci zai sami abokan hira a kasuwa.

BIJAGOS

Tsibiran Bijagos guda 88 ne, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ɗaya daga cikinsu, Bolama, shi ne hedkwatar Turawan Fotugal a ƙasar har zuwa 1941 da suka koma Bisau, suka bar gine-ginensu ciyawa na cinye su. A tsibirin Orango akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, abin da ba a cika gani ba a duniya, kuma kunkurun teku suna fitowa dubbai su yi ƙwai a yashin tsibirin Poilao. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da take kiyaye halittunsu tun 1996.

Sai dai wannan wuri na masu son daji ne da kamun kifi, ba na mai mata da ƙananan yara ba ne. Jirgin ruwa daga Bisau zuwa Bubaque yana cin sa'o'i, kuma tashinsa ya dogara ga cikowar teku da janyewarta. Asibiti ya yi nisa. Mutanen tsibiran da yawansu suna riƙe da addinin gargajiya, suna da wurare masu tsarki da baƙo ba ya takawa sai da izini. Har ila yau ƙasar ta sha fama da juyin mulki, don haka mai niyya sai ya saurari labarai kafin ya sayi tikiti. Kuɗinsu sefa ce, irin wadda ake kashewa a Maraɗi da Kwatano.

CAPE VERDE

Tsibirai goma ne a tsakiyar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Sanigal, tara daga cikinsu da mutane. Babu kowa a kansu sa'ad da Turawan Fotugal suka iso wajen 1460, suka mai da su zangon cinikin bayi. Tsohon garin Cidade Velha da ke tsibirin Santiago, kusa da Praia babban birnin ƙasar, yana nan da ganuwarsa da ginshiƙin da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Masu neman yashi da rana tsibiran Sal da Boa Vista suke zuwa, inda manyan otal-otal suke. A tsibirin Fogo akwai dutse mai aman wuta, tsayinsa mita 2,829, wanda ya yi aman da ya cinye ƙauyuka a 2014.

Bahaushe ba zai ga baƙon yanayi a nan ba. Ƙasa ce busasshiya, ruwan sama kaɗan ne, tsakanin Agusta da Oktoba, har ma hazon hunturu yana ƙetara teku ya iske su. Sauro ba shi da ƙarfi, ƙasar kuma tana da zaman lafiya. Amma iska tana da yawa daga Disamba zuwa Maris, teku takan yi fushi.

Matsaloli biyu ne. Na ɗaya, ko da yake ba a bukatar biza, ma'aikatan shige da fice na can sun yi suna wajen tsananta wa 'yan Afirka ta Yamma bincike, saboda masu bi ta nan da nufin tsallakawa Turai. Wanda bai riƙe tikitin komowa da shaidar ya kama ɗaki da kuɗin da zai ishe shi ba, ana iya mai da shi a jirgin da ya kawo shi. Na biyu, yawancin mutanen Kirista ne 'yan Katolika, Musulmi tsiraru ne, galibi baƙi daga Sanigal da Gini. Abincin ƙasar da ake kira cachupa, wanda ake yi da masara da wake, sau da yawa da naman alade ake dafa shi, don haka sai a tambaya, ko a tsaya ga kifi. Bakin ruwan Sal kuwa na Turawa ne, da irin shigarsu. An ɗaure kuɗinsu da kuɗin Turai, saboda haka kaya ba su da araha.

MAƘWABTA NA KUSA

Kudu da gaɓar Nijeriya akwai jerin tsibirai waɗanda dattawan Kudu suka sani sarai. Na farko Bioko, wanda a dā ake kira Fernando Po, mutanen Kalaba da ƙasar Ibo kuma suke ce masa Panya. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa, har azabar mulkin Macias Nguema ta sa gwamnatin Nijeriya ta kwaso su tsakanin 1975 da 1976. Yau tsibirin na man fetur ne, rayuwa da tsada, samun biza da wuya, ba wurin hutun mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Gaba da shi akwai Sao Tome da Principe, ƙasar da mutanenta suka ɗan haura 200,000. Daga nan ne jiragen agaji na coci-coci suke tashi da dare zuwa filin Uli a lokacin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa farkon 1970. A 2001 ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da Nijeriya ta haƙar man da ke ruwan da ke tsakaninsu, kashi 60 na Nijeriya, 40 nata. Ƙasa ce kore shar, ga duwatsu ga ƙoramu, ga tsofaffin gandayen koko, domin a farkon ƙarni na 20 tana sahun gaba a noman koko a duniya. A wani ɗan tsibiri nata mai suna Rolas layin nan da ya raba duniya biyu ya ratsa, mutum ya sa ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudanci. Amfaninta babba shi ne raninta yana zuwa daga Yuni zuwa Satumba, daidai hutun yara. Sai dai ba ta cikin ECOWAS, don haka maganar izinin shiga sai an gama ta tun daga gida. Fotugisanci ake yi, Musulmi kuma ƙalilan ne.

ZANZIBAR

Idan aka juya gabas zuwa Tekun Indiya, sunan da ya fi fitowa a bakin mutane shi ne Zanzibar. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kusa da gaɓar Tanzaniya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa nan a cikin ƙarni na 19, garin ya bunƙasa da cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi, har aka rufe kasuwar bayin a 1873. An hamɓarar da sarautar ran 12 ga watan Janairu 1964, sa'an nan ran 26 ga watan Afrilu na shekarar tsibiran suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

A nan Bahaushe zai ji kamar yana gida. Kusan dukkan mutanen Musulmi ne. Tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Kano, da ƙofofin katako masu sassaƙa, kiran salla ta kowace kusurwa. A ƙauyen Kizimkazi akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, watau 1107. Harshensu na Swahili ya sha Larabci kamar yadda Hausa ta sha: suna cewa dunia, da Alhamisi, da asubuhi, sabulu kuwa sabuni, labari habari. Abu guda da zai ba baƙo mamaki shi ne alƙibla. Wanda ya saba fuskantar gabas a Masaka, a Zanzibar arewa zai fuskanta, domin Makka tana kusan saitin tsibirin ta arewa.

Jirgin saman Habasha yana ɗaukar mutum daga Abuja, a sauya a Adis Ababa, a sauka Zanzibar. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da ɗan sanyi, wannan ma ya dace da hutun makaranta. A gaɓar gabas teku takan janye da nisa sau biyu a yini, ta bar fili mata suna noman ciyawar ruwa. Mai son ruwa kusa da shi kullum sai ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, amma can ne Turawa suka fi yawa. Da azumi ba a cin abinci a fili da rana.

Ƙayar da ke jikin wannan fure ita ce biza. Tanzaniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi, sai an nema tun da wuri an jira amincewar hedkwatar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Kada a sayi tikitin da ba a mai da kuɗinsa kafin takardar ta fito. Bugu da ƙari, daga ran 1 ga watan Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, wadda aka fara sayarwa a kan dala 44 ga babban mutum. Mai iyali shida sai ya lissafa. Wanda kuma zai ƙetara ta ruwa ya tuna da jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a watan Satumba 2011 saboda lodi ya yi yawa, ɗaruruwan mutane suka halaka, da jirgin Skagit da ya kife a watan Yuli 2012.

KOMOROS DA SEYCHELLES

Kudu da Zanzibar akwai Komoros, wadda Larabawa ke kira Tsibiran Wata. Tsibirai uku ne a hannun ƙasar, Ngazidja da Nzwani da Mwali, na huɗun, Mayotte, ya zauna da Faransa. Abin sha'awa, a cikin kwana takwas na watan Yuli 1975 ƙasashen tsibirai uku suka sami mulkin kai: Cape Verde ran 5, Komoros ran 6, Sao Tome ran 12. Mutanen Komoros Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya, Larabci yana cikin harsunan gwamnati, kuma ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 1993. Malamin da ya iya Larabci zai ji daɗin Moroni. Ana noman kanumfari da furen da ake tatsar turare. Amma talauci ya yi yawa, wuta da ruwa ba tabbas, otal kaɗan ne, hanyar zuwa kuma doguwa ce.

Seychelles kuwa tsibirai 115 ne, kyawunsu ba a magana, tsadarsu ma haka. A watan Yuli 2023 hukumominta suka taƙaita shigar masu fasfon Nijeriya da ke zuwa hutu, aka yi ta ƙorafi. Wanda ya tara kuɗinsa da gumi ba shi da dalilin kai su inda ake yi masa kallon tuhuma.

INDA KUƊIN KAKANNI SUKA FITO

Saura Maldives, tsibirai kusan 1,200 kudu maso yamma da Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kan kimanin 200 daga cikinsu. Kowane Bahaushe yana da alaƙa da wannan wuri ko bai sani ba, domin wurin da kakanni suka yi ciniki da shi a Kurmi da Jega daga ruwan nan aka fi tsamo shi. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1343, ya ga yadda ake tara wuri a rami har naman ciki ya ruɓe ya bar farin ƙoƙo. Bayan shekara goma ya zo Mali da Gao ya tarar ana sayar da wuri 1,150 a kan dinari ɗaya na zinariya. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. A wannan zamanin ne fataken Jamus suka fara jibgo wani wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Ikko, har kuɗi suka lalace, aka kai lokacin da jaki ba ya iya ɗaukar kuɗin da za a saye shi. Yau jikokin masu ƙirga zambar wuri su ne ke neman dala don su je su ga inda wurin ya fito.

Mutanen Maldives sun musulunta a 1153, kuma doka ta hana giya a tsibiran da jama'a ke zaune. A Male akwai masallacin Juma'a na ƙarni na 17 da aka gina da dutsen murjani. An buɗe wurin hutu na farko a 1972, kuma shekara da shekaru baƙi ba sa kwana sai a tsibiran da aka keɓe musu, inda kwana ɗaya ke cinye albashin wata. Daga 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe masaukin baƙi, kamar a tsibirin Maafushi. A irin waɗannan wurare mace tana shiga ruwa da suturarta ba mai kallonta, abinci halal ne, farashi kuma da dama. Ana ba baƙo izinin kwana 30 a filin jirgi idan ya nuna tikitin komowa da masauki. Rani daga Disamba zuwa Afrilu yake. Wahalar ita ce nisa, domin sai an bi ta ƙasashen Larabawa kamar Doha, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya karya magidanci. Tsibiran ba su fi mita ɗaya da rabi a kan teku ba in an daidaita, shi ya sa igiyar ruwan tsunami ta Disamba 2004 ta yi musu ɓarna ƙwarai.

NA GIDA FA?

Ɗan'uwa na gari ba zai rufe baki bai ambaci abin da ke ƙofar gidansa ba. Daga Masaka zuwa Ikko tafiya ce ta fiye da kilomita 700, ba fasfo ba biza ba dala. Daga Marina ko Victoria Island jirgin ruwa ba ya cin rabin sa'a ya kai Tarkwa Bay, inda shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ya karya ƙarfin teku, yara suna iya wasa a gefe. Akwai Ilashe gaba kaɗan. A Badagry ana ƙetarawa Gberefu, a taka hanyar da bayi suka taka zuwa bakin teku. Masauki kuwa ga gidan 'yan'uwa a Agege, ga tuwo ga masallaci. Kuɗin da mutum biyu za su kashe a Zanzibar ya isa ya kai gida guda Ikko ya komo da su da tsaraba.

Sai dai a gaya wa baƙo gaskiya: tekun Ikko ba kogin Kaduna ba ne. A buɗaɗɗiyar gaɓa igiyar ruwa tana jan ƙafa ta ƙasa, ta sha cinye gwanayen iyo. Kada a shiga jirgin da ya yi lodi fiye da kima, kada a shiga ba rigar kariya, kada a yarda dare ya yi a kan ruwa. Wannan doka ɗaya ce daga Tarkwa Bay har Boulbinet.

YANKE SHAWARA

A taƙaice, wanda hutunsa ya faɗo Disamba, kuɗinsa kuma matsakaita ne, yana son ƙasar Musulmi ba wahalar biza, tsibiran Los sun fi dacewa da shi. Wanda ba shi da lokaci sai dogon hutun yara, ya kuma iya jiran takarda, Zanzibar ce tasa, sai ya fara nema wata uku kafin tafiya. Sabbin ma'aurata masu hali su duba masaukan mutanen gari a Maldives. Mai son tarihi da tsaunuka, wanda kifi ya ishe shi abinci, ya zaɓa tsakanin Cape Verde da Sao Tome. Bijagos da Komoros na matafiyi ne mai jimiri wanda ba ya ɗauke da goyo. Wanda kuwa sai ya taɓa kuɗin makarantar yara ko ya ci bashi kafin ya tashi, to Ikko ta ishe shi, ruwan gishirin duk ɗaya ne.

Dokokin shiga ƙasashe suna sauyawa, don haka duk inda aka zaɓa a je ofishin jakadancin ƙasar a Abuja ko Ikko a ji daga bakin mai ita, kada a dogara ga ɗan kamasho. A duba fasfo ya rage masa aƙalla wata shida, a yi allurar shawara, a riƙe maganin zazzaɓi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.